Daga Kano Zuwa Guangzhou: Ta Adis Ababa, Ta Alƙahira, Ta Doha, Ko Ta Legas?

Tafiya ƙasar Sin sayo kaya ta daina zama harkar 'yan Kantin Kwari da Sabon Gari su kaɗai. Mai casar shinkafa a Kura da ke son ganin inji da idonsa kafin ya zuba kuɗinsa, da dillalin riɗi na Maigatari da ke neman mai saye kai tsaye, da mai sayar da injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana a Haɗeja, duk sukan kai matakin da za su tambayi wakilin yankar tikiti hanyar da ta fi dacewa zuwa Guangzhou. Babu jirgin fasinja da ke tashi daga Kano ya sauka can kai tsaye, saboda haka dole a yada zango a wani gari, kuma zaɓen wannan zangon shi ne ainihin shawarar da ke gaban matafiyi.

Idan aka ja layi mafi gajarta a bisa doron ƙasa daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Baiyun na Guangzhou, nisan ya kai kimanin kilomita 10,900. Manyan jiragen fasinja kan yi kilomita 850 zuwa 900 a awa idan sun daidaita a sama, don haka da akwai jirgi kai tsaye, da tafiyar ba za ta wuce awa 13 ba. Agogon Guangzhou yana gaban na Najeriya da awa 7 a kowane lokaci na shekara, domin ƙasashen biyu ba sa juya agogonsu da rani ko da sanyi.

Ma'aunan da ya kamata a duba

Ma'auni na farko shi ne tsawon tafiyar gaba ɗaya, tun daga ƙofar gida har zuwa masauki a Guangzhou. Mutane da yawa suna tsayawa ne kan awannin da jirgi ke yi a sama, alhali waɗannan kusan ɗaya suke a manyan hanyoyin nan, bambancinsu bai wuce awa biyu ba. Abin da ke tsawaita tafiya ko ya gajarta ta shi ne zaman jira a zango, wanda zai iya zama awa uku, zai kuma iya zama kwana guda cur, gwargwadon ranar da aka tashi. Ga misali domin a ga yadda lissafin yake. Wanda ya tashi daga Kano ƙarfe 1 na rana, ya yi awa 15 a sama da awa 5 a zango, zai sauka ne ƙarfe 9 na safen washegari a agogon gida, amma a Guangzhou ƙarfe 4 na yamma ne, ranar ciniki ta riga ta tafi. Ga mutumin Gumel ko Haɗeja kuma, sai ya ƙara awannin mota zuwa Kano, da awa ukun da ake so fasinja ya iso kafin tashin jirgi, wanda sau da yawa yana nufin kwana a Kano.

Na biyu shi ne kuɗi. Farashin tikiti yana bin dala, yana kuma hawa sosai a lokacin babban baje kolin Canton, wanda ake yi a Guangzhou tun 1957, sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu da kuma daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Don haka adadin da aka faɗa wa wani a watan jiya ba hujja ba ne a yau. Abin da ya fi amfani shi ne a haɗa kuɗin tikiti da na mota, da na kwana, da na ƙarin nauyin kaya, sannan a gwada jimillar hanya da hanya.

Na uku shi ne kaya. Kamfanonin da za a ambata galibi suna ba fasinjan ƙaramin aji jaka biyu masu kilo 23 kowace, ban da jakar hannu, amma tikiti mafi araha wani lokaci yakan zo da ƙasa da haka, kuma abin da aka buga a jikin tikitin shi ne ake aiki da shi a wurin awo. Sai ɗorewar hanyar, wato ko kamfanin ya daɗe yana zirga-zirga ba tare da yankewa ba, da sauƙin zango ga wanda bai saba da manyan filayen jirgi ba, da kuma haɗarin rasa jirgi na biyu.

| Hanya | Nisa gaba ɗaya (kimanin) | Awanni a sama (kimanin) | Sauyin jirgi | Tashi daga Kano a tikiti ɗaya |
|---|---|---|---|---|
| Adis Ababa | kilomita 11,350 | 15 | sau 1 | E |
| Alƙahira | kilomita 11,100 | 15 | sau 1 | E |
| Doha, ta Abuja | kilomita 11,600 | 16 | sau 1, da tsayawa a Abuja | E |
| Legas da Dubai | kilomita 12,550 | 17 | sau 2 | Galibi a'a |

Awannin da ke cikin jadawalin na zuwa ne. Dawowa takan ɗara da kusan awa guda ko fiye, saboda iskar da ke kaɗawa a can sama daga yamma take zuwa gabas, tana tura jirgi idan ya nufi Sin, tana kuma tare shi idan ya juyo.

Ta Adis Ababa

Daga Kano zuwa filin Bole na Adis Ababa kimanin kilomita 3,300 ne, tafiyar awa huɗu da rabi ko biyar, sannan daga can zuwa Guangzhou kilomita 8,000 da 'yan kai, awa 10 zuwa 11. Ethiopian Airlines ne ke da wannan hanya, kuma ƙarfinsa a nan shi ne daɗewa, domin tun 1973 yake kai fasinja ƙasar Sin, kuma ya gina jadawalinsa ne a kan tattaro matafiya daga biranen Afirka zuwa Adis Ababa da maraice, sannan ya kwashe su zuwa Asiya cikin dare. Wannan tsari ya sa zaman jira a lokacin zuwa yakan kasance matsakaici, mutum ya yi Magariba da Isha'i a fili, ya ci abinci, ya shiga jirgi na biyu.

Akwai wata fa'ida da ba ta fitowa a takarda. Jirgin Adis Ababa zuwa Guangzhou cike yake da 'yan kasuwar Afirka, kuma da wuya mutumin Kano ya rasa mai jin Hausa a ciki, ko daga Najeriya ko daga Nijar ko Kamaru ko Gana. Ga wanda wannan ce fitarsa ta farko, samun wanda zai bi a baya zuwa ƙofar jirgi, ya kuma nuna masa yadda ake cike takardar shiga ƙasa, ya fi wani ɗan ragin kuɗi daraja. Idan jadawali ya tilasta zaman da ya kai awa 8 zuwa 24, kamfanin yana da tsarin ba da otal da abinci bisa sharuɗɗa, amma a tabbatar wakili ya nuna cewa tikitin ya cancanci hakan tun kafin a biya kuɗi.

Abin lura biyu ne. Filin Bole yana cika maƙil da dare, lokacin da jirage da yawa ke sauka a jere, kuma layin binciken kaya yakan ci lokaci, don haka zangon da bai kai awa biyu ba akwai ganganci a cikinsa. Sannan Adis Ababa tana kan tsauni mai tsayin sama da mita 2,300, darenta akwai sanyi ko da a Kano ana fama da zafin bazara, saboda haka rigar sanyi ta kasance a jakar hannu. Game da abinci kuma, yana da kyau a ce wa wakili ya rubuta buƙatar abincin Musulmi a cikin tikitin. Ta fuskar kuɗi, wannan hanya galibi tana cikin masu sauƙi.

Ta Alƙahira

Wannan ce mafi gajarta a cikin hanyoyin da ake bi a zahiri: kimanin kilomita 3,100 daga Kano zuwa Alƙahira, da kusan 8,000 daga can zuwa Guangzhou. Tsohuwar hanya ce ma a tarihin garin, domin jiragen farko da suka sauka a Kano a 1925, na sojan saman Ingila, daga Masar suka taso. EgyptAir ne ke jigila a kanta yanzu, abincinsa halal ne, ba ya raba giya a cikin jirgi, kuma wanda ya yi karatun Islamiyya har ya iya haɗa jimla da Larabci zai iya tambayar hanya a fili ba tare da ya dogara da Turanci ba, ko da yake Larabcin bakin Misirawa ya sha bamban da na littafi.

Sai dai gajartar kilomita ba ta nufin gajartar tafiya. Kilomita 250 da ta rage wa hanyar Adis Ababa bai kai tafiyar minti 20 a sama ba, kuma ba kowace rana jirgin Kano ke dacewa da na Guangzhou ba. A wata ranar zaman jira gajere ne, a wata kuma mutum zai wuni ko ya kwana. Saboda haka wannan hanya ranar tashi ce ke yanke mata hukunci, kuma bai kamata a karɓe ta ba sai an ga lokacin sauka da na tashi a rubuce, na zuwa da na dawowa duka. A kula kuma cewa Masar ta koma juya agogonta tun 2023, tana gaban Najeriya da awa 1 a lokacin sanyi, da awa 2 daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, kuma lokacin da ke jikin tikiti koyaushe na garin da ake ciki ne. Farashinta kan yi gogayya da na Adis Ababa, wani lokaci ma ya yi ƙasa da shi.

Ta Doha

Qatar Airways ya fara zuwa Kano a watan Maris na 2022, a tsarin da ya haɗa Kano da Abuja, wato jirgin yana tsayawa a Abuja kafin ya miƙe zuwa Doha. Wani abin sha'awa shi ne Doha tana kusan kan layin nan mafi gajarta tsakanin Kano da Guangzhou, ta yadda da jirgin yana miƙewa daga Kano, da jimillar ba ta wuce kilomita 10,950 ba. Ratsen Abuja ne ke ƙara kusan kilomita 600, da awa guda a sama, da wani zaman a ƙasa yayin da ake ɗaukar fasinja.

Abin da ya bambanta wannan hanya shi ne yadda ta raba tafiyar kusan gida biyu daidai: kimanin awa 7 daga Abuja zuwa Doha, da kusan awa 8 daga Doha zuwa Guangzhou. Ga dattijo, ko mai ciwon baya, ko mai ciwon suga, ko wanda ƙafarsa ke kumbura idan ya daɗe a zaune, zama na awa 8 da na awa 11 ba ɗaya ba ne, kuma ni a ganina wannan kaɗai ya isa hujjar biyan ƙarin kuɗi ga mai irin wannan larura. Filin Hamad na Doha, wanda aka buɗe a 2014, yana da masallatai da wuraren alwala da wuraren hutawa, alamominsa da Larabci da Turanci, abinci kuma halal ne a ƙasa da sama. Girmansa ne kawai kan rikita baƙo, domin daga wata ƙofa zuwa wata tafiya ce mai nisa, har da ɗan jirgin ƙasa a cikin ginin.

Galibi ta fi biyun farko tsada. Haɗarinta kuma na yankin ne, domin rikicin Gabas ta Tsakiya kan taɓa sararin samaniyar ƙasashen Larabawa na bakin teku, kamar yadda aka gani a ranar 23 ga Yuni 2025 lokacin da Katar ta rufe samaniyarta na wasu awanni, jirage da yawa suka karkata zuwa wasu garuruwa. Sauran hanyoyin ma ba su tsira gaba ɗaya ba, tun da yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa jiragen da ke nufar gabas daga Najeriya suna kauce wa samaniyar ƙasar, abin da ke ƙara musu lokaci a kan lissafin miƙaƙƙen layi.

Sauka Legas ko Abuja tukuna

Wasu wakilai kan nuna tikiti mai rahusa da ke tashi daga Legas ko Abuja, ko dai na waɗannan kamfanoni uku, ko na Emirates ta Dubai, ko na Turkish Airlines ta Istanbul. Fa'idar a fili take: jirage sun fi yawa a can, ana samun na kusan kowace rana, don haka mai gaggawa ba ya jiran ranar jirgin Kano. Ta Legas da Dubai nisan ya kai kimanin kilomita 12,550, ta Abuja da Istanbul kuwa kusan 12,400.

Matsalar tana cikin tikiti biyu. Idan jirgin cikin gida ya makara har na waje ya tashi, kamfanin waje ba ruwansa, domin a wurinsa fasinja ne bai zo ba, kuma gyara tikitin yana iya cinye rarar da aka samu har ya nemi ƙari. Shi ya sa mai hankali kan sauka Legas tun ana gobe, wanda ke nufin kuɗin otal da na mota, ga shi kuma ɓangaren jiragen gida da na waje a Legas ba a gini ɗaya suke ba. A dawowa kuma jirgin cikin gida ba ya ba da nauyin da na waje ya bayar, sai mutum ya biya kuɗin ƙarin kilo a kan kusan rabin kayansa kafin ya iso Kano. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma a nan lissafin yakan tabbatar da haka. Ta fuskar ɗorewa, Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗaɗensa da suka maƙale, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoba 2024. Abuja ta fi Legas sauƙi ga mutumin Kano, tun da ana iya zuwa ta mota, amma hanyar ta haura kilomita 400, wuni guda ne a tafiya.

Abubuwan da suka shafi kowace hanya

Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kan hana jirage sauka a Kano ko ya jinkirta su, don haka a wannan lokaci zango mai ɗan tsawo kariya ce, kuma tikiti ɗaya tun daga Kano ya zama wajibi, domin shi ne ke ɗora wa kamfani nauyin sa fasinja a jirgi na gaba. A can Guangzhou kuma guguwar teku kan dagula jadawali daga tsakiyar shekara zuwa wajen Oktoba. Hutun sabuwar shekarar Sinawa, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, yana rufe masana'antu na makonni, haka ma makon farko na Oktoba hutu ne, kuma wanda ya sauka a waɗannan lokuta zai yi ta biyan otal yana kallon shaguna a kulle.

Bizar kasuwanci ta Sin a Abuja ko Legas ake nemanta, tana buƙatar takardar gayyata daga kamfanin can, da fasfo mai sauran aƙalla wata shida. A riƙe katin rigakafin cutar shawara tare da fasfo. Alamar filin Kano a jikin tikiti KAN ce, ta Guangzhou kuma CAN, harafi ɗaya ya raba su, saboda haka a duba takardar da aka liƙa wa jaka kafin ta wuce. Batura da na'urar cajin waya ta tafi-da-gidanka ba a sa su a jakar da ake aunawa, a hannu ake riƙe su, kuma manyan baturan sola ba sa shiga jirgin fasinja ko kaɗan. Injin casa, famfo da allunan sola duk kayan kwantena ne da ke biyo jirgin ruwa, don haka kada a zaɓi kamfani saboda kilo alhali abin da za a riƙo a hannu samfuri ne da 'yan ƙananan kayan gyara. Mai tafiya cikin azumi kuma ya sani cewa wuni yana gajarta idan an nufi gabas, yana tsawaita a dawowa.

Wace hanya ga wane matafiyi

Wanda bai taɓa fita ba, kuma kuɗinsa a ƙirge yake, hanyar Adis Ababa ta fi dacewa da shi, saboda daɗewarta da kuma abokan tafiya da zai samu har zuwa unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka ke sauka kuma abincin halal ba ya wuya. Wanda ranakunsa ke hannunsa, yana iya matsar da tafiyarsa kwana biyu gaba ko baya, ya sa a duba masa Alƙahira tare da Adis Ababa, ya ɗauki wadda zangonta ya faɗa tsakanin awa 3 da 6 a zuwa da dawowa. Dattijo ko mai larurar da ba ta son dogon zama, Doha ce tasa, ko da ta ɗara a kuɗi. Wanda dole ya isa a rana takamaimai, kamar buɗe wani zagaye na baje kolin Canton ko ganawa da mai masana'anta, kuma ranar jirgin Kano ba ta dace ba, shi ne ya kamata ya sauka Abuja tun ana gobe. Legas kuwa ta dace ne da wanda dama yana da wata harka a can, kamar fitar da kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, ko kuma yana da gidan ɗan'uwa da zai kwana.